Sandar Badaru

A shekarar da aka soma aiki da Shari'a a jiharmu, an rufe wani shagon giya a bayan kasuwar Sandamu. Da ya daɗe babu kowa a ciki, sai aka ba mu shi, mu dattawan ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu, Malam Hafizu, ranar Asabar kaɗai yake zuwa daga Daura. Sauran ranaku mu muke koya wa juna bayan la'asar.

Ya haɗa mu biyu-biyu, ya kafa mana doka. Idan mai karatu ya yi kuskure, abokinsa ba zai faɗa masa daidai ba. Sanda zai buga a ƙasa, shi kuma ya koma ya nemo kuskurensa da kansa. Dalilin malam shi ne, wanda aka faɗa wa amsa yau, gobe ma sai an faɗa masa, kuma dattijo ya fi jure ƙarar sanda a kan gyaran baki a gaban jama'a.

Audi, dillalin awaki, da taubashinsa Badaru aka haɗa shi. Audi yana fama da yanar ido, kullum ƙaruwa take yi. Burinsa ɗaya ne: ya karanta shafi guda daga sama har ƙasa kafin ganinsa ya tafi. Sandar Badaru tana da ƙarfe a gindinta, ƙararta daban take da tamu.

"Kai Badaru, za ka fasa wa mutane daɓe," Audi yakan ce.

"Ai kai ne kake bin layi kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa."

"Bawana, yi mini shiru."

"Na yi shiru, ranka ya daɗe. Sanda ce take magana."

Ana cikin girbin gero zazzaɓi ya kama Badaru, bai tashi ba. Iyalinsa suka ɗauke sandarsa, amma buzunsa ya rage a kusurwar shago, babu wanda ya iya naɗe shi. Aka haɗa Audi da ni. Sai karatunsa ya tsaya cik. Yakan faɗi kalma ɗaya, ya karkata kai wajen kusurwa yana jira. Idan na buga sandata, sai ya ce, "Malam, taka ba ta san inda nake tuntuɓe ba."

Wata rana ya zo ya zauna a bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa, ya kai littafin daf da hancinsa.

"Baƙaƙen nan sun zama kamar tururuwa a cikin ruwa," in ji shi. "In ban ƙare shafin nan yau ba, ba zan ƙare shi ba."

Ya fara. Bai yi nisa ba ya yi kuskure. Na ɗaga sandata, ban kai ta ƙasa ba muka ji ƙwas, ƙarar ƙarfe a kan daɓe, daga wajen buzun.

Zailani, ladanin unguwarmu, ya yi a'uziyya. "Jama'a, matacce ba ya dawowa," ya ce. "Kwanon rufi ne yake motsi saboda zafi."

Audi kuwa bai ɗaga kai ba. Ya koma farkon layi, ya gyara, ya wuce. Can gaba ƙarar ta sake zuwa, ta kuma sakewa. Ina bin sa da yatsa a nawa littafin, kuma duk inda ta zo, kuskure ne na gaskiya. Sandata tana kwance a cinyata.

Layukan ƙarshe ya karanta su a hankali, babu tuntuɓe, har ya kai aya. Ya karkata kai wajen kusurwa.

"Bawana, ba ka ce komai ba."

Muka jira tare da shi har hasken ƙofa ya janye daga littafin. Sannan ya rufe shi, ya miƙe, ya lallaba zuwa kusurwa, ya naɗe buzun da hannunsa.

Kafin damina ta zagayo, ganinsa ya tafi. Ni kuma har yau, idan na yi tuntuɓe ina karatu ni kaɗai, nakan dakata in saurara kafin in koma farkon layi.