Jana'izar da Dinny Ya Tsallake

Jana'iza ɗaya tak Dinny Mulkerrin ya tsallake cikin shekara goma sha tara da ya yi a majalisar Dublin, ita ce kuwa ta cinye masa kujera. Ranar da aka binne tsohuwar gidan Geraghty rana ta fito, bayan wata guda ana ruwa, sai ya hau tarakta ya tafi yankan ciyawar shanu. Dangin Geraghty ƙuri'a arba'in ne. Da ratar ƙuri'a talatin da ɗaya aka kayar da shi.

Mu nan karkarar Ireland ba ruwanmu da abin da ka faɗa a majalisa. Dinny sau biyu ya taɓa buɗe baki a can, ɗayan ma taga ya ce a rufe. Amma ka tsaya bakin kabari ka cire hula, ka sha hannu da kowa, to kai namu ne.

Tun daga nan gawa ba ta ƙara wuce shi ba. Gonakinmu katanga ɗaya ta raba, ni nake tuƙa shi.

Saura wata biyu zaɓe na same shi kwance, ƙirji na ƙugi, ya ƙura wa rediyo kunne ana karanta sanarwar rasuwa.

"Packie, tashi motar. An yi mutuwa a bakin teku."

"Wa ya mutu?"

"Oho. 'Ya'ya tara ya bari, duk sun isa zaɓe."

Matarsa Nuala ta dire masa shayi. "Likita ya ce in ka shiga ruwan nan, kai ne na gaba."

"Likitan ɗan wace jam'iyya ne?"

Na ce, "Kwanta, tsohon banza, ni zan wakilce ka."

"Da wannan fuskar? Har ƙuri'ar mamacin sai ka zubar min."

Na kai shi. Minti arba'in ya tsaya kai ba hula, ruwa na gangara masa ta wuyan kwat. Ya bi 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya yana shan hannu da su.

A mota haƙoransa na kaɗawa ya ce, "Tara, Packie. Tara cif."

Ban gaya masa abin da mai haƙa kabari ya faɗa min ba. Duk taran daga Boston ta Amurka suka zo, jibi za su koma, babu mai ƙuri'a a ƙasar nan.

Kwana shida ya ƙara a duniya. Ranar da muka ɗauke shi hotunan zaɓensa suka iso, ɗari biyar, yana murmushi da sabuwar hula. Nuala ta sa na jingine su a rumfar shanu. Suna nan har yau. Na gaban, maruƙa sun cinye masa kunne ɗaya.