Tsakuwar Lubabatu

Halliru ɓarawo ne, kuma abin da ya sata tsakuwa ce. Kada wani ya yi dariya.

Lubabatu, matar wansa Sahabi, tana kiwon tarwaɗa a tankunan roba biyu a tsakar gidansu a Illela. Ruwan yana bi ta cikin wani duro cike da tsakuwa, sannan ya dawo wa kifi. Sati shida ta jira kafin tsakuwar ta nuna, ta yi yauƙi baƙi. A jikin yauƙin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashin kifi. In babu su, kifi cikin fitsarinsa yake iyo.

Halliru ya ga kifinta na ƙiba, shi ma ya kafa tanki a Amarawa. Jira ne ba ya iyawa.

"Matata, sammini ƙazantar nan taki," ya ce, da wasan ƙanin miji.

"Mijin da ko sabulu bai taɓa saya mini ba," in ji ta. "Kawo bokiti in ɗiba maka kwano guda da ruwanta. Kada ka bari ta bushe. Sauran ka jira ta yaɗu."

"Kwano guda ya yi mini mi?"

"Abin da ya yi mini."

Ranar da ta tafi bikin suna a Lafani, ya shigo ya juye duron kaf cikin buhu, ya cika shi da wankakkiyar tsakuwar gini.

Da ta dawo famfo na aiki, ruwa garau, ba ta zargi komai ba. Kwana uku kifi suka ƙi abinci. Rana ta huɗu suka taso sama suna buɗe baki. Ta sayi ruwa wurin 'yan garuwa ta canza, ta sake canzawa. Sai da ta tsoma hannu cikin duron ta ji tsakuwa na kartar yatsunta, babu santsi ko kaɗan. Ta daɗe tsaye da hannun a ciki. Ba ta tambayi kowa ba, ta san mai aikin.

Cikin kifi ɗari huɗu, saura sati biyu a kai su kasuwa, sittin suka tsira. Sauran ta binne su bayan gida, ko ƙyafewa ba su yi ba.

Shi kuwa gogan, ya ɗaure buhun a bayan babur ɗinsa na haya, a hanya ya samu fasinjan Konni, kwaɗayi ya ja shi ya tsallaka iyaka. Buhun ya sha rana har la'asar. Abin da ya zuba a duronsa mataccen dutse ne. 'Ya'yan kifinsa ba su cika kwana goma ba.

Sahabi ya karɓe babur ɗin, da ma shi ya saya masa, ya kuma hana shi tsallake zauren gidan. Shekara biyu ke nan, Halliru a ƙafa yake, kuma bai sake shiga ba.