Takalman da Fintan Ya Mutu da Su

Ranar Alhamis da la'asar aka tsinci mijina Fintan a ƙasan doguwar matakalar dutsen da ke gangarowa daga tudun arewacin birnin Cork, kansa a fashe. 'Yan sanda suka ce santsi ne, ana ruwa, ga tsufa, sai haƙuri. Ni dai ban yarda ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a garin nan ko madubi bai taɓa fasawa ba, shi ne zai zame kamar ɗan maye? Kuma me ya kai shi tudun? Ce min yake duk Alhamis wurin abokinsa mai tattabaru yake zuwa, a ƙetaren kogi.

Da asibiti suka miƙo min kayansa a leda, sai ga waɗansu baƙaƙen takalma masu sheƙi, ba nauyi, ƙasansu laushi kamar kunnen mage. Ban taɓa ganinsu ba. Na nuna wa maƙwabciyata Assumpta, ta jujjuya su, ta kalle ni da tausayi.

"Nuala, ai na rawa ne waɗannan."

Rawa! Fintan? Ranar aurenmu sai da aka ja shi fili kamar akuyar da za a kai kasuwa, ya tattake min ƙafa, ya ce shi ba a halicce shi don wannan ba. Shekara arba'in ina zama a kujera a bikin mutane ina kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur, shi yana gefe rungume da kofin giyarsa.

Sai na tuna ranar da muka shimfiɗe gawarsa a falo ana ta shigowa gaisuwa. Waɗansu tsofaffin mata da ban sani ba sun jero sai ƙamshi suke, kowacce ta kama hannuna. Ɗaya mai koren gyale ta yi kukan da ni mai miji ban yi ba.

Alhamis na zagayowa na saka takalman a jaka na hau matakalar nan, ina haki ina zaginsa. A samanta akwai zauren coci, kiɗa na tashi. Tsofaffi ne cike, bibbiyu suna juyawa, ga tukunyar shayi da biskit. A bakin ƙofa akwai benci inda kowa ke sauya takalmi, kuma a ƙarƙashinsa ga tsofaffin takalman Fintan, waɗanda na gaji da cewa ya yar. Mai zuba shayi ta ce min ba mai taka waje da takalmin rawa, balle ana ruwa, don sulɓi ne da shi kamar sabulu. To, mai hankali irin Fintan ba zai fita da su ba sai in koro shi aka yi.

Na hango mai koren gyale. Dympna sunanta. Kusa da ita ga wani ƙaton mutum a zaune, fuska a murtuke, aka ce mijinta ne, Mossie. Nan take lissafina ya cika, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na tsaya a kansa.

"Kai ka tura mijina?"

Ya ɗago ya dube ni, ya nuna sandunansa biyu da ke jingine da bango.

"Baiwar Allah, ni da ko bayi sai an kai ni? Ni na roƙe shi ya riƙa rawa da ita tun da ƙuguna ya mutu. Na fi kowa asara, yanzu a kaina take zama."

Dympna ta ja ni gefe. Ta ce zafi ne ya ishe ta rannan, ta buɗe ƙofa ta sha iska, sai iskar ta fizge gyalenta ta yi gangare da shi. Kafin ta ce wani abu Fintan ya bi shi a guje. A hannunsa aka sami gyalen. Sun gaya wa ɗan sanda, shi ya ga bai kamata a ƙara min ciwo ba.

Gyale! Mutumin da in iska ta kwashe min shanya sai ya leƙo ta taga ya ce, "Nuala, kayanki sun tafi gidan Assumpta." Da kashe shi aka yi, da na san wanda zan tsana, na samu na yi barci. Ashe da ƙafarsa ya tafi, da gudu, saboda ƙyallen wata.

Na ce mata, "Ya iya rawar?"

Ta share ido. "Babu kamarsa a Cork. Cewa ya yi ke ba kya son rawa."

Aka sa wata waƙa mai sanyi. Na ajiye jakar a kan benci.

"Nuna min yadda yake riƙe ki."

Ta kama hannuna na dama, ɗaya hannun ta ɗora a tsakiyar bayana, a hankali, ta juya ni. Wurin nan shekara arba'in ba wanda ya taɓa shi haka. Na tsane ta har cikin ƙashina, da turarenta da gyalenta, amma ban ce ta sake ni ba sai da waƙar ta ƙare.