Tsirkiyar Da Ba Ta Tsinke Ba

Mai ganga ya ɗaga sandunansa sama, ya haɗa su sau huɗu, sai filin wasan ya ɗauka baki ɗaya. Ni kuwa ina durƙushe gaban talabijin a falonmu, na kunna lasifikan da na kwaso daga shago, har kofunan da ke kan kabad suna rawa.

"Rage mana wannan tarzomar," in ji Mama. "Kiɗa ne ko faɗan maƙera?"

"Kiɗan rok ke nan, Mama," Auta ya ce daga kan kekensa na guragu. "In bai girgiza kofi ba, bai dahu ba."

Wata takwas rabon da in ji ƙanena ya yi zolaya. Na ƙara murya.

Gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata, amma kowa a layinmu ya san ainihin aikina shi ne son ƙungiyar makaɗan nan ta Tsawa. Shekara goma sha tara ina bin su. Babu wasansu da aka ɗauka wanda ba ni da faifansa, kuma na haddace su kamar karatu: inda mai jita ke cije leɓe, inda Dogo, mawaƙinsu, ke jan numfashi kafin ya saki murya. Abokin da ya kushe Dogo a gabana, mun yi shekara ba ma gaisawa. Ni na koya wa Auta wannan haukan, ni kuma na saya masa tikiti.

* * *

Wata takwas da suka wuce, kwana biyu suka yi suna wasa a filin. Ranar farko na je ni kaɗai, rana ta biyu na tafi da Auta. An sayar da tikiti fiye da abin da wurin zai ɗauka, aka kuma ɗaure ƙofar hagu da sarƙa da kwaɗo don kada marasa tikiti su kutso. Muna gefen ƙofar nan. Ana tsakiyar waƙa ta bakwai tsirkiyar jar jita ta tsinke, mai jita ya miƙa hannu aka ba shi fara, daidai lokacin jama'ar baya suka danno. Hannun Auta ya suɓuce daga nawa. Da na same shi yana kwance jikin ƙarfen ƙofar, yana tambayata ina ƙafafunsa.

Washegari masu shirya wasan suka fitar da sanarwa: babu wani turmutsutsu, wasu matasa ne suka sha ƙwaya suka hau shinge suka faɗo. Maganar ta riga mu isa gida. Maƙwabta suna zuwa dubiya suna leƙen idon yaron, su fita suna taɓe baki. Mama ba ta taɓa furta komai ba, amma ta kulle magungunan ciwonsa a akwatinta, ta rataye makullin a wuya. Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba.

Dogo da kansa ya zo asibiti, da mai hoto biye da shi. Ya riƙe hannun Auta, ya dube ni ido cikin ido.

"Kyamara shida muka kafa ranar," ya ce. "Ku yi haƙuri faifan ya fito. Duniya za ta ga abin da ya faru da ƙanenka."

Har kuka na yi don godiya. Tun ranar duk wanda ya yi mana kallon banza, a raina sai in ce, bari dai faifan ya fito.

* * *

Ga shi ya fito, an rubuta a bangonsa: wasan rana ta biyu, cikakke. Na rufe shago tun azahar, na zaunar da Mama a kujerar tsakiya.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Waƙa ta uku ta tayar mini da tsigar jiki. A ta huɗu Dogo ya miƙa wa jama'a makirufo, dubban bakuna suka amsa, na tsinci kaina ina amsawa tare da su, na manta abin da ya tara mu. Auta yana kaɗa yatsu a hannun keke.

A waƙa ta shida kyamara ta zagayo gefen hagu.

"Ga ni can! Mama, ga ni can!"

Auta ne kuwa, cikin rigarsa mai ruwan ɗorawa, yana tsalle, hannuwa a sama, baki buɗe. Daƙiƙa huɗu, kyamara ta wuce. Mama ta dafe ƙirji.

"Yanzu ki zuba ido," na ce mata. "Yanzu za ki gani."

Waƙa ta bakwai ta fara. Na matsa har numfashina yana taɓa gilashi. Baiti na farko ya wuce. Na biyu. Nan ne wurin. Mai jita ya lanƙwasa baya, ya ja tsirkiyar, ta yi kuka, ta dawo lafiya lau. Kyamara ta juya hagu: jama'a suna rawa cikin walwala, ga sarari tsakaninsu, ƙofa a buɗe, wata mata ma tana ɗauke da yarinya a wuya.

Na san matar nan. Kusa da ni ta tsaya ranar farko, yarinyar ta zubo mini lemo a kafaɗa.

Waƙar ta ƙare da jar jita a hannunsa. Ta takwas ta fara, sai ga fara, babu wanda ya miƙa masa ita. Sun yanke ta bakwai ɗin rana ta biyu, sun ɗinka ta ranar farko a gurbinta, ɗinkin da ba mai ganewa sai mahaukaci irina.

"Ina abin da za ka nuna mini?" Mama ta tambaya.

"Sun canza shi, Mama. Dubi jitar. Ja ce a nan, a nan kuma fara. Ranar tsirkiya ta tsinke, ni na gani da idona."

"Tsirkiya," ta maimaita a hankali. "Wata takwas kana ce mini in jira, ashe tsirkiya nake jira? Ni ƙofa na gani a buɗe, mutane na rawa."

"Wallahi ba ranar ba ce!"

Ba ni take kallo ba. Ta juya wajen Auta, muryarta ta yi ƙasa, babu faɗa a cikinta, kuma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Autana, ba zan yi fushi ba. Faɗa mini tsakaninka da Allah, me suka ba ka ka sha?"

Yatsunsa suka tsaya a kan hannun keken. Ta jira, ta jira, sannan ta miƙe ta shige ɗaki, makullin yana lilo a wuyanta.

A talabijin Dogo yana durƙusawa gaban jama'a, hannu a ƙirji, yana cewa yana ƙaunarmu. Sai a lokacin na yarda da abin da na daɗe ina ɓoye wa kaina. Ranar, muna ihu muna ɗaga hannu, ya waiwayo gefenmu. Ya gan mu. Ya juya ya yi wa mai ganga alama a ci gaba. Wata takwas ina cewa rana ce ta haske masa ido. Ban taɓa jin an ci amanata irin haka ba, kuma rabin ƙaryar ni na yi masa ita kyauta.

Na danna, faifan ya fito. Na riƙe shi da hannu biyu, na fara lanƙwasawa.

"Yaya, kar ka karya."

"Me za mu yi da shi? Ƙarya ce zalla."

"Ba duka ba," ya ce. "Mayar mini ta shida."

Na tsaya ina kallonsa. Sannan na goge faifan da gefen rigata, na mayar, na kashe lasifikan. Kyamara ta zagayo hagu, yaro mai riga ruwan ɗorawa ya yi tsalle a kan ƙafafunsa, daƙiƙa huɗu, ya wuce.

"Sake," in ji Auta.

Na sake.