Ƙafar da Ba Ta Sauka Ba

"Mayar da tiyon nan inda yake," in ji Manaja. "Ƙarfe goma mai binciken haɗari zai zo."

Makanike yana kwance a kan kwali ƙarƙashin motar. Shekaranjiya aka jawo ta harabar kamfanin, kai a lotse, ba gilashi, fasassun tayil na zuba daga bodi har yanzu. Daga inda yake, takalman Manaja kawai yake gani, baƙaƙe masu sheƙi, irin waɗanda ba su taɓa taka bakin mai ba.

Babbar motar kai kayan gini ce, mai ƙarin ƙafa a tsakiya da tayoyi biyu. In ba kaya, direba ya danna maɓalli iska ta ɗage ƙafar sama. In an yi lodi ya sauke ta, ta karɓi rabonta na nauyi, tana juyawa tare da motar a kwana. Da ita, motar tana ɗaukar tan ashirin. Ba ita, sha huɗu ne iyakarta, kuma an rubuta haka a jikin ƙofa don mai ido ya karanta.

Mako uku da suka wuce Manaja ya ce tayoyin ƙafar nan suna saurin cinyewa. Ya sa Makanike ya cire tiyon iska ya toshe, ƙafar ta zauna a sama kamar ta kazar da ta taka wuta. Lodi kuwa ko kwali ɗaya ba a rage ba. Aikin minti goma ne, Makanike ya yi shi yana fito.

Direban motar maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha ɗaya. Sannu-Sannu ake ce masa, don mutum ne da zai zagaya mota sau biyu yana ƙwanƙwasa kowace taya kafin ya tayar, 'yan lodi suna yi masa dariya. Ya yi magana a kan ƙafar, har ofis ya shiga. Aka nuna masa direbobin da ke zaune a bakin get suna jiran aiki, aka ce ya zaɓa. Mai 'ya'ya huɗu ba ya zaɓe, ya karɓi makulli. Ana nan, ran nan ya ɗauko lodin tayil, a gangaren da ke kusa da wata gada tayar baya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, motar ta kwanta.

Jiya da rana Makanike ya je asibiti. Ɗakin gado takwas ne, fanka ɗaya ke aiki. An naɗe Sannu-Sannu daga ƙirji zuwa ƙugu, leɓɓansa sun bushe. Matarsa ta fita neman ruwan zafi.

"Injiniya," in ji Sannu-Sannu, da sunan da yake tsokanarsa da shi kullum. "An ce wai na manta ban sauke ƙafa ba."

"Ka bar magana, Yaya. Ka huta."

"Shekara ashirin da shida ina jan mota. Ko kaza ban taɓa takewa ba." Ya yi numfashi da ƙyar. "Ita ban gaya mata komai ba, kada ta damu. Kai ka sani. Ka faɗa musu."

"Zan faɗa."

"Ba komai nake nema ba. Sunana kawai, kada yaran nan su tashi ana cewa ubansu sakarai ne."

"Na ce zan faɗa, Yaya."

Yanzu ga takalman Manaja suna matsowa. Ya durƙusa, abin da bai saba ba, ya leƙo ƙarƙashin motar, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita ya ce ba zai tashi ba. Ka ji ni? Shi ba abin da zai same shi kuma. Amma in aka ga tiyon nan a toshe, tambaya ɗaya za a yi: hannun wa ya toshe? Ni ban san bambancin sifana da cokali ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ba takarda, ba shaida, sai hannun da ke da baƙin mai. Makanike ya tuna nasa 'ya'yan, ya tuna ƙofar kurkuku, tsoro ya kama shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya zare toshin, ya mayar da tiyon, ya ɗaure. Har ƙura ya shafa a wurin don kada sabon ɗauri ya nuna, kuma wannan ba wanda ya sa shi.

Mai bincike ya zo sha ɗaya saura. Aka haɗa iska, ya danna maɓalli, ƙafar ta sauko lafiya lau har tayoyinta suka taɓa ƙasa.

"Kai ne makaniken motar? Ƙafar tana aiki ranar?"

"Ga ta nan kana gani, ranka ya daɗe."

Mutumin ya rubuta: sakacin direba. Ya sha lemon da aka kawo masa, ya tafi.

Washegari da hantsi Sannu-Sannu ya cika. Makanike ne ya nemo motar ɗauko gawa, shi ya jera kujeru a ƙofar gida, shi ya yi ta kai da kawo har mutanen layi suna cewa a samu maƙwabci irin wannan sai an tona. Kowace kalmar yabo kamar a watsa masa ruwan batir. Manaja ma ya zo, ya zauna minti biyar, ya ce kamfani ya yi babban rashi, amma ɗan'adam ajizi ne.

Bayan kwana biyar, da yamma, yana wanke hannu a bakin famfon tsakar gida sai matar marigayin ta yi sallama. Ta rame. Ta tsaya daga bakin ƙofa, babbar 'yarta a bayanta riƙe da takardar kamfani.

"Injiniya, yarinyar nan ta hana ni sakat. Ta karanta takarda, ta ce ƙarya ne, babanta ba ya mantuwa. Na ce mu zo wurinka, kai ka san motar, kuma ba za ka ɓoye mana ba. Da gaske mantawa ya yi?"

Ruwa na zuba a kan hannunsa. Yarinyar ta kafe shi da ido, irin idon ubanta sak. Kalma uku ce kawai, "bai manta ba", kuma tana nan a bakinsa.

"Maman yara," ya ce, "gajiya ba ta bar kowa ba."

Matar ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba.

"To, kin ji," ta ce wa 'yar. "Na yafe masa. Ke ma ki yafe masa." Ta juyo. "Mun gode, Injiniya. Allah ya bar zumunci."

Yarinyar ta ninke takardar gida huɗu, ta bi uwarta. Ya ji ƙofarsu ta rufe ta bayan katanga, sannan ƙarar tsintsiya a tsakar gidansu. Bokitin da ke ƙarƙashin famfon ya cika, ruwan ya bi siminti ya nufi rariya, shi kuwa yana durƙushe da sabulu a hannu.