Ƙafa Arba'in Zuwa Gaɓa

Kogin Romi ya tafi da kabarin Joseph Bature ranar Talata, 19 ga Agusta, 1986, da hantsi. Matarsa Ladi tana tsaye cikin dawarta lokacin da gaɓar ta tsage ta rufta da shi.

Wata huɗu kafin nan an tabbatar mata cewa kabarin ba ya cikin haɗari. George ne ya tabbatar, ma'aikacin safiyo da ke auna zaizayar kogin tun 1981. Ya kafa turken ƙarfe a gefen gonar, kowane Afrilu yakan zo ya ja tef daga turken zuwa gaɓa ya rubuta. Shekara biyar yana samun ƙafa arba'in, da ɗan ƙari ko ragi.

Ladi ta riga ta yi magana da masu haƙa, a tone mijinta a mayar da shi maƙabartar coci. Ta ce bari dai ta ji ta bakin gwamnati, sai ta je ta sami George.

"Oga, da can ba na jin ƙarar ruwa daga kabarin. Yanzu ina ji."

"Mama, kunne ba ya awo," in ji George. "Ga littafi nan. Gaɓar nan ba ta motsa ba. Ki bar bawan Allah ya huta."

Ta sallami masu haƙa.

Kwana biyu da ruftawar, George ya zo da tef ɗinsa. Ya tarar da Tagwai, tsohon da ke noman lambu a maƙwabtan Ladi, yana jiransa gindin turken.

"Ƙarfenka na nan, Oga, ban bari ruwa ya ci ba. Sau uku ina ceto shi."

"Ceto shi kamar yaya, Baba?"

"In ruwa ya matso sai in tumɓuke in ja shi baya. Kayan gwamnati ne, in ya ɓace mu za a kama. Na ji kullum kana cewa arba'in, shi ne nake taka arba'in ɗin in kafa maka."

George ya tambayi inda turken yake da farko. Tagwai ya nuna tsakiyar ruwa.

George da kansa ya je ya gaya wa Ladi, a tsaye, hularsa a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko littafin zai iya nuna inda ruwa ke ajiye abin da ya ɗauka. Ya ce a'a.

A watan Nuwamba, da ruwa ya janye, masu ɗibar yashi suka tono katako biyu da murfin akwatin gawa a wata kwanar kogin, mil ɗaya ƙasa da gonar. Babu suna a jiki. Kafintan da ya yi akwatin Joseph ya koma Kafanchan tun bara. An aika masa saƙo, har yau bai zo ya duba ba.