Kekuna Babu Taya

Tayoyin da aka aiko wa rundunar masu keke ba su shiga ko keke ɗaya ba. Duk sun yi ƙanana. Wanda ya auna su, ko barci yake, ko bai taɓa hawa keke ba. Tsofaffin kuwa faci ya hau kan faci har ba wurin liƙa wani.

Saje ya tsaya a rumfar gyara yana harar tulin robar, ransa a dagule. Can bayan tudu, a tsohon gidan buga bulo, abokan gaba sun yi wa sojojinsu ƙawanya, harsashi ya kusa ƙare musu. A cikinsu akwai Auta, ƙanensa ciki ɗaya, wanda ya shiga soja don kawai ya ga kaki ya yi wa yayansa kyau. Mota ba ta zuwa, an fasa gada, sai katakai da aka gitta. Keke kaɗai ke haurawa.

"Mai faci, ba dabara?" in ji Saje.

Mai faci, tsohon kofur da ke gyaran kekunan, ya ɗaga wata ruɓaɓɓiyar taya ya leƙo shi ta hudar. "Wannan ko tsohuwata ba za ta ɗaure itace da ita ba."

"To, yanke su duka."

"Na'am?"

"A kan ƙarfe za mu tafi."

"Ƙarfe a kan dutse? Saje, ai har kurma sai ya ji zuwanmu!"

"Ya ji mana. Ka ga wata hanyar?"

Babu wata. Aka sa wuƙa aka feɗe tayoyin, aka ɗaure akwatunan harsashi da igiya a kan kariyar bayan kekunan. Suka haura katakan ɗaya bayan ɗaya, suka tura kekunan har kan tudu, gumi na zuba, kowa na zagin wanda ya auno tayoyin har kakansa.

Gangaren duk shimfiɗar dutse ne. Saje ya gyara hularsa, ya hau sirdi, ya shige gaba. Da sauran suka biyo shi sai ƙasa ta ɗauka. Ƙarfe na cin dutse, akwatuna na bugun kariya, kaca na kuka, katangun gefen hanya na mayar da amon. Haƙoransa har karo suke. A ransa ya riga ya sallama, jira kawai yake a buɗe musu wuta a kwanar ƙasa.

Ba a buɗe ba. Yana shan kwanar ya hango abokan gaba sun juya baya, suna tsallake ramukansu, sun bar babbar bindiga da tukunya a kan wuta. Wani na gudu yana ihu, "Tankoki! Tankoki sun iso!"

Mai faci ya ƙyalƙyale da dariya a bayansa. "Saje, ka ji? Mun zama tankoki!"

Saje ya ja burki. Ƙarfe tsirara ba ya riƙe dutse. Keken ya zame, ya maka shi da ginshiƙin ƙofar gidan bulon, akwatin ya tsinke igiya ya sauka a kan ƙaurinsa.

Sojojin ciki suka ɓarko suna ta sowa, suna rungumar kekuna kamar dangi. Auta ne ya ɗaga akwatin, ya rame, leɓɓansa sun tsage.

"Yaya! Kai ne tankar?"

"Rufe min baki. Ka ci abinci?"

"A'a."

"Ga tukunyarsu can, je ka sauke kafin ta ƙone."

Ba a rasa mutum ko ɗaya ba ranar, na ciki da na waje. Saje kuwa a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko shi, Auta na riƙe da gaba. Likitan sansani ya duba ƙashin sau ɗaya, ya yanke ƙafar daga gwiwa.